Bin Allah da Zuciya Ɗaya: Waiwaye Daga Ƙasar Sabuwa

Wanda ya taso daga Funtuwa ya bi ta Dandume ya nufi Sabuwa a tsakiyar damina, gonaki ne za su cika masa ido: masara da dawa da waken soya da shinkafa, kore shar har inda gani ya ƙare. Abin da ba lalle ya lura da shi ba shi ne 'yan ƙananan majami'un da ke ƙauyukan nesa da kwalta, wasu ginin ƙasa, wasu na bulo da rufin kwano. Masu sujada a cikinsu ba baƙi ba ne da aikin gwamnati ko fatauci ya kawo. Hausawa ne gaba da baya, ba su da wani yare sai Hausa, ba su da wani gari sai nan. Akasarinsu jikokin Maguzawa ne, kuma irinsu na nan warwatse tun daga Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara har Malumfashi da Kafur, inda suka fi yawa. Cikinsu aka haife ni, cikinsu na yi furfura.

Tsara uku na gani da idona. Akwai ta kakanninmu da suka fara tuba, akwai tamu da muka tashi muka tarar da ikilisiya a kafe, ga kuma ta 'ya'yanmu da jikokinmu da suka buɗe ido cikin ƙarar bindiga. In mu tsofaffi muka haɗu, hirar ba ta wuce cewa bangaskiya ta yi sanyi, mutanen da su ne suka bi Allah da gaske. Na daɗe ina juya maganar nan, ban kuwa yarda da ita duka ba. Abin da Allah ke nema wurin mai bi yana nan yadda yake tun farko, wato zuciya ɗaya wadda ba a raba masa ita da kowa ba. Abin da ya sauya shi ne irin hasarar da biyayyar ke jawo wa mutum, da kuma wurin da ake gwada shi.

Bishara ba ta iso yankinmu da wuri ba. Turawan mishan na SIM sun sauka Nijeriya tun 1893, Dakta Walter Miller na CMS kuma ya zauna birnin Zariya tun 1905, kafin daga baya a mayar da aikinsu Wusasa. Sai dai gwamnatin mulkin mallaka ta riga ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa musu addini ba, don haka ta daɗe tana tare wa 'yan mishan hanyar shiga masarautu. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe, ita ma ta hanyar jinya. A 1937 SIM ta karɓi kula da kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, kamar yadda ta karɓa a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato, daga baya kuma ta kafa tashoshi a wurare irin su Malumfashi da Matazu. Ta ɓangaren Katolika kuwa, fada-fadan Dominikan ne suka shigo ta Gusau a shekarun 1950, aikinsu ya kai har Malumfashi.

Amma in gaskiya za a faɗa, ba Bature ne ya kai saƙon cikin gidajenmu ba. Masu bishara 'yan ƙasa ne suka kai shi, wani a kan keke, wani a ƙafa, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga cikakkensa a 1932 a cikin jakar fata. Bayan kafuwar ikilisiyar ECWA a 1954, ƙungiyarta ta aika masu bishara, wato EMS, ta riƙa tura ma'aikata ƙauyukan Maguzawa. Mutum zai zo da matarsa, a ba shi bukka da 'yar gona, ya yi noma da rana kamar kowa, da dare ya tara mutane ya koya musu karatu. A shekarun 1960 kuma yunƙurin Sabon Rai Don Kowa ya sa talakawan masu bi fita wa'azi da kansu, ba sai sun jira fasto ba. A daidai lokacin ne Sardauna Ahmadu Bello ke rangadin musuluntar da jama'a a Arewa. Hanya uku ke nan ta buɗe a gaban Bamaguje: ya zauna kan al'adar iyaye, ya musulunta, ko ya bi Almasihu. Gida ɗaya ya kan rabu uku. Shi ya sa har yau za ka tarar da dattijon ikilisiya da ladanin ƙauye kakansu ɗaya, kuma kowa ya san hakan ranar suna da ranar jana'iza.

Sai ka san yadda gidan Bamaguje yake kafin ka gane nauyin abin da masu tuban farko suka ɗauka. Babban gida ne mai sassa da yawa, gandu ɗaya, maigida ɗaya. Akwai wurin da ake yi wa iskokin gida yankan kaza ko akuya kafin shuka da bayan girbi. Akwai kan gida, abin da zuriya ba ta ci kuma ba ta kashewa. Giya kuwa ta shiga kowace hidima, daga gayya zuwa biki zuwa makoki. To, wanda ya ce ya tuba, ya fita ke nan daga tsarin da ke riƙe da cinsa da shansa da aurensa. Ranar yanka ba zai ci naman ba. In yaro ya kwanta ciwo a gidan, ko gona ta ƙi, an san wanda za a nuna da yatsa, shi ne ya fusata iskoki.

A gidanmu ana ba da labarin ranar da kakana ya kwance kambunsa da gurunsa da layun wuyansa, ya zuba su a wuta a tsakar gida. Mahaifinsa ya dube shi ya ce, "Kai yaro, ka ƙone abin da ya tsare ubanka da kakanka. To, in dare ya yi, wa zai tsare ka?" Ya durƙusa ya ce, "Baba, wanda ya yi daren." Ba a buge shi ba, ba a kuma kore shi ba. An dai cire shi daga gandu, aka yanka masa wani fako da ko ciyawa ba ta son fitowa a kai, aka zuba ido a ga ƙarshensa.

Daga nan sai biyayya ta koma ta yau da kullum, wadda ba ta da ranar biki. In ya kira gayya, kunu da tuwo zai kawo maimakon tulunan giya, don haka rabin masu zuwa ba za su zo ba. Ranar Lahadi ba ya ɗaukar fartanya, ko da kuwa a tsakiyar noman firi ne ciyawa na neman cinye dawa. Da kaka, cikin kowane dami goma zai ware ɗaya ya kai rumbun ikilisiya, kamar yadda ɗan'uwansa Musulmi ke fitar da zakkarsa. Wannan rumbu shi ke ciyar da mai bishara, shi ke tallafar matan da mazansu suka mutu, daga cikinsa kuma ake ba wanda yunwar bazara ta sa ya cinye irinsa. In ya kai auduga fuloti, ba ya yayyafa mata ruwa ko ya cusa yashi a buhu don ta yi nauyi, alhali ya san na gabansa da na bayansa a layi sun yi. Matarsa ba ta awo da bugaggen mudu. A kasuwannin ƙauye har aka kai ga cewa in wane ɗan mishan ne, ba sai ya rantse ba.

Abin da ya riƙe su shi ne karatu da addu'a. Da asuba a kan buga wani tsohon ƙarfe da aka rataye a itace, mutane su fito da mayafansu a yi addu'ar safiya kafin a wuce gona. Da dare a zauna gaban aci-balbal ana haɗa baƙi. Tsofaffin mata da ba su taɓa taka ƙofar makaranta ba sun koyi karatun boko don kawai su karanta Littafi da kansu, su haddace aya su biya ranar Lahadi. Kakata ba ta iya rubuta sunanta ba har ta rasu, amma ka buɗe mata Zabura ta bi da yatsa ta karanta maka.

Kada dai son iyaye ya rufe mana ido. Zamanin nan yana da nasa tabo. Dokoki sun yi yawa har wasu suka ɗauka barin giya da taba da rawa shi ne dukan addini. Mutum ya bar giya sarai, amma bai bar dukan matarsa ba, kuma ba wanda zai kira shi gaban dattawa. Horon ikilisiya ya fi faɗa wa mata. Yarinyar da ta yi ciki za a tsayar da ita gaban jama'a, a mayar da ita bencin baya wata da watanni, wanda ya yi mata kuwa sau da yawa ya sulale birni. Mai mata biyu ko uku ba a yi masa baftisma sai ya sallami sauran, kuma ba kowa ya tsaya ya tambayi inda waɗannan mata da 'ya'yansu za su dosa ba. An yaba wa mazan da sadaukarwa, alhali matan ne suka biya. Duk da haka, akwai abin da ba mai iya ƙwace wa wannan tsara: sun san ranar da suka zaɓa, sun san abin da zaɓin ya ci musu, ba su kuma waiwaya ba.

Mu kuwa a zamanin sauƙi muka yi ƙuruciya. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ya kawo takin zamani da sabon irin masara da hanyoyin karkara. Masara ta zama kuɗi, kasuwar Dandume ta cika da manyan motoci. A 1976 shirin ilimin firamare kyauta ya kwashi yaran ƙauye zuwa aji. A 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna. 'Ya'yan waɗanda aka yanka wa fako suka zama malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sojoji, wasu har jami'a a Zariya. Majami'u suka sami kwano da siminti, daga baya janareta da lasifika. Zumuntar Mata ta yi anko, ta cika taro da kiɗan tulu da kacau-kacau. Sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1979 ta shiga hannun kowa. Hausawa da Fulani da Barebari masu bi suka haɗu a Tarayyar Masihiyawan Nijeriya don su nuna cewa mutum na iya zama Bahaushe kuma Kirista ba tare da ya ari rigar wani ba.

Ba cewa nake ba mu sha wuya ba. Neman filin gina majami'a a gari, da samun malamin addinin Kirista a makarantun gwamnati, da fargabar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a jihar a 2000, duk mun gan su. Amma irin wannan matsi daga waje yake zuwa, kuma sau da yawa ƙara haɗa kanmu ya yi. Ɓarnar da ta fi tsanani a hankali ta shigo, ta cikin gida. Mu gadon addini muka yi, ba mu ƙone komai ba kafin a kira mu Kirista. An raɗa mana Bulus da Istifanus da Rifkatu, an yi mana baftisma a rafi bayan mun haddace amsoshin aji, shi ke nan. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, amma tsararmu ta gwada.

Ga yadda abin ya kasance. Baiko ya tashi daga dami a rumbu ya koma sanarwa a lasifika, ana kiran suna da adadi, mai kuɗi na samun kujerar gaba. Lokacin zaɓe ɗan siyasa ya zo da buhunan siminti, a ba shi bagade ya yi magana, ba mai tambayar inda ya samo. Dattijon da ke karanta nassi ranar Lahadi shi ne zai ba ɗan'uwansa buhu ɗaya da bazara a biya shi biyu da kaka. Layar da kaka ya ƙone ta dawo, ta dai bar wuya ta koma cikin aljihu ko ƙarƙashin kujerar babur. Da masu wa'azin arziki suka yawaita a talabijin da waya, sai ta sake kama: 'yar kwalbar mai da ƙyallen da aka yi wa addu'a, a saya da kuɗi, a rataye a ƙofa. Ban ga bambancin wannan da abin da boka ke bayarwa ba, tun da duka biyun dabara ce ta sa Allah ya yi abin da kake so, ba kai ka yi abin da yake so ba. Majami'u sun cika fiye da kowane lokaci a tarihinmu, amma a kasuwa an daina cewa ba sai mun rantse ba.

Muna cikin haka daji ya ɓaci. Abin ya faro ne da satar shanu a Zamfara da dazukan Birnin Gwari, ya zama ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya, ya rikiɗe ya zama sana'ar satar mutane. Mu kuwa a bakin abin muke, domin Sabuwa na iyaka da Birnin Gwari, Faskari na iyaka da Zamfara, Ƙanƙara kuma ga dajin Rugu kusa. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta ji sunan garin. A watan Mayu 2021 aka shiga cocin Katolika na Malumfashi da dare, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka tafi da Fada Joe Keke, tsoho mai shekara fiye da saba'in. A Mayu 2022 aka ɗauke Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara a Gidan Maikambo ta ƙaramar hukumar Kafur, suka yi fiye da wata guda a daji. A Janairu 2023 aka afka wa masu sujada ranar Lahadi a wani ƙauyen Ƙanƙara aka tafi da mutane. Harsashin nan kuwa ba ya tambayar addini. Mafi yawan waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace a yankin nan Musulmi ne, kuma a Agusta 2025 masallata aka buɗe wa wuta da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi.

Rayuwar ikilisiya ta sauya kamanni. An daina kwanan addu'a, an daina zagayen waƙoƙin Kirsimeti da dare. Sujada ta koma gajera, da samari a waje suna duban hanya. A Satumba 2021, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. Watanni muka yi in an yi rasuwa sai a tashi ɗan aike. Wasu ƙauyuka sun watse ɗungurungum, majami'unsu na tsaye ba kowa, mutanensu na haya ɗaki ɗaya a Funtuwa ko Zariya.

A nan ne nake cewa masu ganin bangaskiya ta mutu ba su duba da kyau ba. Gwajin da ke gaban yaran yanzu ya fi na kakana wuyar ganewa, ban kuma ce ya fi shi sauƙi ba.

Na farko tsoro ne. Saurayi ya shiga 'yan banga don ya tsare ƙauyensu, abokan tafiyarsa duk sun sha maganin bindiga sun yi ɗamara da layu, suka miƙo masa nasa. Kakana ya ƙone layu a lokacin da ba mai harbinsa. Wannan yaro kuwa ana so ya ƙi karɓa ne a daren da zai fuskanci masu manyan bindigogi. Na san waɗanda suka karɓa, ba na kuma zaginsu. Na san waɗanda suka ce a'a, suka yi addu'a suka fita. Wasunsu sun dawo, wasu ba su dawo ba, kamar yadda masu layun ma wasu ba su dawo ba. Abokan Daniyel uku da ke cikin Littafi sun ƙi yin sujada ga gunki tun ba su san ko za a cece su daga wutar ba, kuma sai yanzu na ga mutanen da suka fahimci wannan labari da jikinsu.

Na biyu yunwa ce. Gona ta gagari zuwa, taki ya yi tsada, yara na kuka. Sai ga wani ya zo da tayi: kai mana burodi da fetur bakin daji, ko ka gaya mana wanda ya sayar da masara jiya. Kuɗin da infoma ke samu a dare ɗaya ya fi abin da ɗan ƙwadago zai tara a wata. Ba wanda zai gani, ba dattijon da zai kira ka horo. Duk wanda ya kwana da yunwa ya ƙi wannan tayi, ya yi abin da ya kai ƙin jiƙa auduga sau goma.

Na uku shi ne abin da ba shi da amsa mai sauƙi, wato harajin noma da kuɗin fansa. A ƙauyuka da dama sai an tara kuɗi an kai wa 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake kaiwa kafin girbi. Na ji wani magidanci ya tambayi wani tsohon fasto, "Baba, in na biya kuɗin nan, ban taimaki mugunta ba kuwa?" Tsohon ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, wanda aka ƙwace wa ba shi ne ɓarawo ba. Biya ka ciyar da iyalinka. Amma ranar da suka ce ka nuna musu gidan wani, ran nan za a san wanda kake bauta wa." Rumbun ikilisiya na da ya koma asusun fansa. An sayar da shanun huɗa da babura da gonakin gado don a karɓo mutum ɗaya. Na ga an bi gida-gida ana karo-karo, Musulmi na sa wa Kirista, Kirista na sa wa Musulmi, ba lasifika, ba kiran suna. Baikon da ya fi kowane tsarki a zamanin nan, a ganina, a irin wannan faranti ake zuba shi.

Na huɗu shi ne mafi nauyi, ƙiyayya. Mun tashi Fulani na sauka gonakinmu bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki, matansu su kawo nono su karɓi hatsi. Yau yaro na jin kalmar Bafulatani gabansa ya faɗi. Alhali Fulani da yawa su aka fara sace wa shanu, wasu an kashe su a kasuwa ba su san hawa ba ba su san sauka ba, akwai kuma Fulani 'yan'uwanmu a cikin bangaskiya. Tun da aka shiga zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi a 2025, har da Faskari, mutane na haɗuwa a kasuwa da waɗanda suka san sun ƙone musu gida. Umarnin ƙaunar maƙiyi da gafarta wa wanda ya cuce ka mun haddace shi tun muna makarantar Lahadi, lokacin da babban maƙiyinmu shi ne wanda akuyarsa ta shiga mana gona. Yanzu matar da aka kashe wa miji a gabanta ita ake karanta wa shi. Gafara ba ta hana neman adalci, ba ta kuma sauke wa hukuma nauyin tsare rayuka da hukunta masu laifi. Abin da take hanawa shi ne ka kama ɗan wani ka rama a kansa don yarensu ɗaya da wanda ya cuce ka. Na san wata 'yar Zumunta da ta rasa mijinta da ɗanta, wadda ta tsaya a ƙofar gidanta ta hana samari taɓa wata mai tallar nono da suka biyo. Ta ce musu, "'Ya'yana, ni aka yi wa rashi, ba ku ba. Ku bar baiwar Allah ta wuce." Ba ta iya wa'azi ba, ban kuwa taɓa jin wa'azin da ya kai wannan ba.

Cikin wannan hali ne, a Oktoba 2023, Fafaroma Francis ya kafa dayosis na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop ɗinsa na farko, Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a Katolika. Ko mu da ba 'yan ɗariƙarsa ba mun yi murna, don alama ce cewa shukar da aka yi a fako ta kai ga ba da iri. Sai dai muƙami da gini ba su ne ma'aunin ba, kamar yadda cikar benci ba ta zama ma'auni ba a zamaninmu. Da ana auna bin Allah da yawan jama'a, da tsararmu ce ta fi kowace. Da tsananin doka ake aunawa, da ta kakanninmu ce. Ma'aunin da na ga ya tsaya a duk tsara ukun shi ne abin da mutum ke yi a wurin da biyayya za ta jawo masa hasara, ba kuma mai ganinsa sai Allah.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana tsofaffi mu rage gaya wa yara cewa kakanninsu sun fi su. Ba su ga kakannin ba, mu suke gani, kuma rabin abin da ke sa su shakka daga wurinmu suka gan shi. Aikin da ya rage mana a fili yake. A dawo da karatun Littafi da Hausa cikin gida, ko a ɗakin haya ne a Funtuwa, kada a bar wa waya tarbiyyar yaro. A daina kiran sunan mai baiko. A yi wa mai kuɗi da talaka, namiji da mace, horo iri ɗaya, ko kuwa a bar horon. A san adadin gwauraye da marayun da rikicin nan ya bari a kowace ikilisiya kafin a yi maganar sabon gini. A kuma tabbata cewa a kowane ƙauye akwai dattijo ko da guda ɗaya wanda in an damƙa masa kuɗin fansa zai kai su cif, in an tambaye shi gidan maƙwabcinsa ba zai nuna ba, in an kawo masa laya zai mayar, in kuma aka taru za a far wa marar laifi shi zai fara cewa a'a. Yaron da ya tashi yana ganin irin wannan mutum ba sai an yi masa dogon bayani kan bin Allah da zuciya ɗaya ba.